Kawu a Kan Farin Shafi

Kamfanin da zan yi magana a kansa yana son labarin kansa ƙwarai. Duk littafin da ya buga, in ka juya bangon baya za ka tarar da tarihinsa a can cikin ƙananan baƙaƙe, kamar mutumin da ba ya bari a tashi daga hira sai ya ambaci kakansa. Daga nan na haddace shi tun ina firamare a Talata Mafara. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba. Ya sha talla kyauta a bakina shekara da shekaru a gaban allo, ta ishe shi.

Ga yadda suke ba da labarin. Wani Bature ne a Ingila, sana'arsa zana furanni da kabeji a jikin takardun da ake ƙunshe iri. Mijin ƙanwarsa kuma yana da 'yar na'urar ɗab'i a bayan gida. Suka haɗa kai suka fitar da littafin tsuntsaye, kowane tsuntsu da hotonsa da sunansa da abin da yake ci. Littafi ya karɓu. Suka yi na jiragen ruwa, suka yi na taurari, suka yi na jikin ɗan Adam. Da suka ga sun gama da sama da teku, sai suka ce bari su tattara duniya gaba ɗaya cikin kundi guda, don 'yan makarantar ƙasashen da Ingila ke mulki. Wannan kundin ne ya iso mu.

Bugu na farko yana kulle a kabad ɗin hedimasta, ana fito da shi ranar Alhamis, ba kuwa mai taɓa shi sai ya wanke hannu an duba. Hotunansa duk zane ne, mai zanen kuma a fili yake bai taɓa taka ƙasarmu ba. Ya ajiye raƙumi a gindin bishiyar kwakwa. Ya kwantar da zaki kusa da rijiya yana kallon mata suna jan ruwa, kamar shi ma guga yake jira. Mun yi dariya, amma mun yafe masa, domin ko da ƙarya ya yi, ya cika shafi. Akwai ƙasa a ƙarƙashin ƙafar kowa, akwai sama a bisa kansa. A cikin littafin nan na fara ganin teku. Ina son mai karatu ya san cewa na ƙaunaci kamfanin nan kafin in tsane shi.

Bugu na biyu a kwalejin horon malamai na same shi. Tsohon mai zanen kabeji ya mutu, 'ya'yansa sun sallami masu zane sun ɗauki masu kyamara. Zaki ya bar bakin rijiya. Bugu na uku kuwa ana cikin shirya shi ne aka zo datse gulbi a Bakolori, kuma a nan hanyarsu ta haɗu da ta gidanmu.

Lokacin ina koyarwa a Talata Mafara. Mutanen Maradun da ke sama da madatsar an gaya musu ruwa zai ci gidajensu da gonakinsu. Mu na ƙasa, daga Mafara zuwa Bakura, aka ce mu ba ruwa zai ci mu ba, katafila ce. Za a karɓi gonaki, a baje su su zama fili ɗaya, a ja magudanai, sannan a mayar wa kowa tasa don noman rani. Magana mai daɗin ji. Sai dai ba wanda ya yi bayanin yadda za a gane ta kowa bayan an baje.

A wurinmu takardar gona ita ce maƙwabci. Iyaka kuwa layin gamba ce, ko suri, ko wata bishiya da kowa ya sani. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da gona a gefen hanyar Bakura, wadda ya gada daga ubansa. Gabas da ita akwai kanya, arewa akwai wani tsohon suri, gamba kuma ta zagaye sauran. In ka tsaya a tsakiyarta ka dubi nesa, akwai duwatsu biyu, ƙaramin yana zama daidai cikin tsagar babban. Kanya da suri da gamba duk abincin katafila ne. Maƙwabtan da za su shaide shi kuma, ɗaya ya rasu, ɗaya ya sayar da tasa ya yi kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kawu ya lissafa wannan duka tun kafin a ji ƙarar inji, abin ya hana shi sakat.

Cikin wannan hali kamfanin littafi ya aiko mai ɗaukar hoto, wani dogon Bature mai jan wuya, tare da dillalinsu na Zariya wanda ke kai wa makarantu littattafai. Suna son hotunan noma da na madatsa don sabon bugu. Hedimasta ya haɗa ni da su in yi tafinta. Muka fara da ɓangaren Maradun, muka shiga Dosara, Bature ya ɗauki rumbu, ya ɗauki turmi da taɓarya, ya ɗauki tulu. Ƙananan kaya sai ya shimfiɗa farin ƙyalle ya ɗora su a kai. Na tambaye shi dalili, ya ce sabon salo ne.

Labari ya kai wa Kawu. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gidana. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya da 'yan makaranta da hedimasta, sannan ya shiga abin da ya kawo shi.

"Malam," haka yake kirana tun ranar da na kama alli, rabi girmamawa rabi tsiya, "an ce kana yawo da wani Nasara mai ɗaukar hoto."

"Haka ne, Kawu."

"Hoton ga nashi, ina za shi kai shi?"

"Littafi zai shiga. Irin wanda ake raba wa makarantu."

"Wanda gwamnati ka saye da kuɗinta?"

"Shi fa."

Ya shafa gemu. "To kawo min shi gona. Mutanen ga ba su jin rantsuwa, ba su jin maƙwabci, takarda ɗai sunka sani. In sunka gan ni tsaye cikin gonata, ga kanya, ga suri, ga duwatsu, cikin littahin da su da kansu sunka saye, su ce mi?"

Ban ga aibin dabarar ba, har yau ma ban gani ba. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya gano cewa zamani ya koma na takarda, ya nemi takarda mafi ƙarfi da zai iya samu.

Washegari muka isa gonar da hantsi. Dawa ta yi kai, wake ya rufe ƙasa. Muka tarar da Kawu cikin babbar rigarsa ta Juma'a, fara sol, da hula sabuwa. Bature ya dube shi sama da ƙasa, ya yi magana da dillali, dillali ya yi magana da ni.

"Mi yac ce?" in ji Kawu.

"Ya ce rigar ta yi kyau da yawa."

"Ikon Allah. A garinsu kyau laihi na?"

"Ya ce yana son ka sa kayan da kake noma da su, ka riƙe galma."

"Hwaɗa mai galma ta gama aikinta tun farkon damina. Wa ka huɗa cikin dawa ta yi kai? Ko a garinsu mahaukata ka noma?"

Na fassara, na rage gishiri. Bature ya yi dariya, amma bai janye ba. Shi tsumma yake so da galma. Ga shi kuma ya zaɓi wani gefe can bakin gamba, wai haske ya fi kyau a nan. Sai aka shiga ciniki, ni a tsakiya kamar dillalin awaki a kasuwar Talata. Daga ƙarshe Kawu ya yanke.

"Ni in sa mai tsumma, in riƙe mai galma, in yi mai duk haukan da shika so. Amma wurin tsayi ni za ni zaɓa. In bai yarda ba shi kama hanya."

Bature ya yarda. Aka aika gida aka ɗauko wata yagaggiyar taguwa da malafa, wadda ko ranar noma Kawu ba ya sawa sai in sauran suna wanki. Matarsa ta biyo kayan har bakin gona tana faɗa.

"Malam, kai da karatunka za ka bari duniya ta ga kawunka da tsumma? Ai sai a ce ba ya da kowa!"

"Bari ta gan ni da tsumma," in ji Kawu, "in dai ta gan ni cikin gonata."

Ya ninke babbar riga ya rataye a reshen kanya ta baya, ya taka zuwa tsakiyar gona, ya matsa hagu, ya ɗan ja baya, yana waiwayen duwatsu, har ya samu inda yake so. Ya kafe. Sannan ya ce in leƙa cikin kyamarar da idona, don shi bai yarda da na Bature ba. Na leƙa. Komai yana ciki. Kanya a dama, suri a hagu, layin gamba, dawa har kafaɗarsa, can nesa ƙaramin dutse zaune cikin tsagar babba. Na ce, "Kawu, ta fito duka." Bature ya danna, ya sake dannawa, ya ɗaga babban yatsa. Kawu ya ba shi kaza ya tafi da ita.

Bayan girbi katafila ta shigo. Kanyar da aka yi zamani ana shan inuwarta ba ta kai azahar ba. Aka baje komai, ƙasa ta koma ja, shimfiɗe daga nan har inda ido ya ƙare. Damina ta zo ta wuce ba a mayar wa kowa komai ba, wata ta sake zuwa. Kawu, mai rumbu cike, ya koma ƙwadago a gonakin da aikin bai kai ba, wajen Garbadu. Abin da ya faru a bakin madatsar da haƙurin mutane ya ƙare, duk ɗan ƙasar nan ya sani, ba kuma shi na zauna rubutawa ba. Kawu bai shiga zanga-zangar ba. Duk wanda ya ce masa ya fito, sai ya ce shi yana da shaida tana zuwa daga Ingila. Duk haɗuwarmu kuwa, bayan gaisuwa tambaya ɗaya ce: "Malam, littahi ya zo?"

Littafi ya zo. Kwali guda aka sauke a ofishin hedimasta, sabon bugu, bango mai sheƙi, yana ƙanshin gam. Na ja ɗaya na buɗe babin noma.

Kawu yana nan. Ga malafa, ga taguwa da kowace yaga tata, ga galma a hannu, har jijiyar bayan hannunsa ana gani. Amma a kan farar takarda yake tsaye. Ba kanya, ba suri, ba dawa, ba dutse, ba sama. An bi gefen jikinsa an yanke shi tsaf, har ɗan sararin da ke tsakanin hannunsa da ƙotar galma an share shi fari. Ƙarƙashin ƙafarsa an zana wata 'yar inuwa ta ƙarya don kada a ce shawagi yake yi. Kibiya ɗaya ta nuna malafa, ɗaya ta nuna galma, kowace da sunanta. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa wannan manomin gargajiya ne na Afirka ta Yamma. Kusa da shi ga turmin Dosara, ga tulu, ga rumbu, kowanne yana iyo cikin farinsa.

A shafin da ke kallonsa kuwa ga madatsar Bakolori, hoto ya cika shafi daga gefe zuwa gefe, da ruwanta da gajimarenta da tsuntsu yana wucewa. Siminti an bar masa sararinsa.

Na juya bangon baya. Tarihin kamfani ya ƙaru da sakin layi guda. Jikokin mai zanen kabeji sun karɓi ragama, kuma suna alfahari da sabon salon da suka ƙirƙiro: kowane abu a nuna shi shi kaɗai a kan fari, a cire duk abin da zai ɗauke hankalin yaro. To, gonar Kawu ce abin da zai ɗauke hankalin yaro. Ƙasar da ta ciyar da uwata, ta biya mini kuɗin rigar makaranta, wani a Ingila ya dube ta ya ga datti ne a bayan hoto.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Zariya wurin dillali, don na san kowane hoto yana da fim ɗinsa na asali. Ya tarbe ni da fara'a, ya ɗauka yabo na kawo.

"Malam, ka ga tsohon naka? Ya fito fes!"

"Na gan shi. Ina gonar?"

"Wace gona?"

"Wadda yake tsaye a ciki. Kana wurin aka yi ciniki. Ya sa tsumma ne don a bar shi ya tsaya inda ya zaɓa."

"Ai an bar shi ya tsaya."

Na ce fim ɗin asali nake so, ko kwafinsa, ko nawa ne. Ya girgiza kai. Ya ce an taɓa kai shi babban ofishinsu ya ga yadda ake aikin da idonsa. Akwai ɗaki guda, mutane zaune a layi da ƙananan burushi, kowa da fim a gabansa bisa gilashi mai haske. A jikin fim ɗin kansa suke shafa fenti, su bi gefen mutum ko tukunya, su rufe duk saura. Abin da aka rufe ya tafi. Yana faɗa yana jinjina musu, wai hannunsu ko rawa ba ya yi.

"Ba su ajiye na biyu?"

"Don me? Littafin sani ne, Malam, ba na gona ba." Ya ƙara da cewa Baturen ma ya bar aiki, kamfanin kuma ana maganar wani babban kamfani zai saye shi. Sannan ya tambaye ni ko makarantarmu za ta ƙara kwali.

Na sha karanta yadda aka ci ƙasashe da bindiga. A littafin kamfanin nan ma na karanta, da hotuna. Ban taɓa karanta cewa ana iya cin gona da burushi ba, a hannun mutumin da ba ya gaba da kai, bai san sunanka ba, yana dai sauri ya gama kafin lokacin shayi. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta. Su gyara suke yi. Sun ɗauki abin da suka roƙa, tsumma da galmar da ba lokacinta ba, sun buga shi a matsayin sani. Abin da Kawu ya roƙa, wanda shi kaɗai ne gaskiya a wurin, sun goge.

Na kai wa Kawu littafin. Ya daɗe yana kallo. Ya juya shafin ya duba bayansa, ko gonar ta koma can. Ya ce, "To." Matarsa ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ga tsumma, ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta rufe.

Duk da haka ranar rabon fili ya ce sai an je da littafin. Ya sa babbar rigar Juma'a, ya naɗe littafin cikin ɗankwali, na raka shi. An kafa rumfa a tsakiyar jan fili, da tebur, da wani matashin ma'aikaci mai ladabi wanda rana da hayaniya suka gama galabaitarwa. Da layi ya zo kanmu, Kawu ya nuna wurin da yake nema, aka ce wani ɗan kasuwa daga cikin gari ya riga ya kawo takarda a kansa. Kawu ya warware ɗankwali ya buɗe shafin a kan tebur.

Ma'aikacin ya duba hoto, ya dubi Kawu. "Baba, lalle kai ne. Amma ina gonar?"

"Nan nit tsaya. Dubi duwatsun can, ƙaramin cikin tsagar babba. Haka sunka hito ranar da anka ɗauka. Ga ɗana, shi ya leƙa."

Na ce na leƙa, na gani, zan rantse.

"Malam, ban ƙaryata ka ba," in ji ma'aikacin. "Amma duk wanda ya tsaya a kan layi ɗaya da wurin nan, daga nan har bakin gulbi, haka zai ga duwatsun. Da kanyar ta fito, da surin ya fito, da sai mu auna. Wannan kuwa," ya ɗora yatsa a kan farin, "ko a Legas aka ɗauka haka zai fito."

Gaskiya ya faɗa. Aka rubuta wa Kawu wani siririn yanki can ƙarshen magudana ta wajen Bakura, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha.

Da muka fito daga rumfar ina ta zagin kamfani, da jikoki, da kaka mai kabeji. Kawu ya tsaya, ya buɗe shafin, ya dubi farin, ya ɗaga kai ya dubi filin da ba ko kara a tsaye.

"Malam, bar zagin mutanen littahi," ya ce. "Su sunka riga kowa sanin yadda gonar za ta koma."

Shi ya bari. Ni ban bari ba.

Ya noma yankin da aka ba shi har ƙarfinsa ya ƙare, albasa in ruwa ya iso, in bai iso ba haƙuri. Ban taɓa jin ya kira shi gonata ba. "Wurin da anka ba ni," haka yake cewa har ya rasu. Littafin kuwa ya zauna cikin manhaja, ni nake koyar da shi, kowace shekara in iso shafin nan in sa yara su karanta sunan malafa da na galma.

Kamfanin an sayar da shi kamar yadda dillali ya faɗa. Wanda ya saya ya riƙe sunan, ya riƙe salon, ya ƙara sakin layi a bangon baya. Bugu na huɗu ya same ni dab da barin aiki. Na buɗe babin noma, don hannuna ya saba. An matse shafin don a samu wurin tarakta, an cire manomin gargajiya gaba ɗaya. Galma kaɗai aka bari, a tsaye kan fari, da kibiyarta da sunanta. Galmar Kawu ce, na san ƙotarta. In ka matso da ido, wajen tsakiyar ƙotar akwai inda ta ɗan yi kauri, launin itacen kuma bai dace da saura ba. Nan ne mai burushi ya shafe yatsunsa.